Gado Mai Malfar Hayaƙi

Hantsi bai taɓa samun Gado a ɗaki ba. Da an sallame asuba zai shimfiɗa buzu a rumfarsa ta Sabon Gari, ya jawo tsohuwar garwar kananzir, ya tsaga ta da almakashi, ya yi ta bugu har ta miƙe. Shekara ashirin Maraɗi na jin wannan bugun. Bana gwiwa ta hana shi hawa soro, shi ya sa na ce bari a faɗi aikinsa tun yana ji.

A madafar wani Nasara mai kanti ya fara ganin abin: faffaɗan ƙarfe rataye bisa murhu, da bututu da ya huda rufi, kuku na girki idonsa garau. Gado ya komo ya ƙera nasa da garwa huɗu. Mata suka sa masa suna malfar hayaƙi.

Uwani ta Tsibiri, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, hayaƙi ya ci idonta har ba ta iya zura zare a allura. Gado ya je ya rataye malfa a azara da waya huɗu, ya huda soro, ya fitar da bututu, ya liƙe gindinsa da makuba, ya kifa masa 'yar hula saboda ruwa. Ranar nan Uwani ta yi suya ba hawaye.

Wata biyu sai ga mijinta Nomau a rumfa, ya jefa zangarniyar hatsi gaban Gado, duk ƙwari sun huda ta.

"Maƙeri, ka kore muna hayaƙi, ka gayyato ƙwari! Tun kakanni irinmu bisa murhu yake kwana. Mi za mu shibka? Yau zan cire malfar taka."

Gado ya juya zangarniyar.

"Ka yi gaskiya, Nomau. A madafar Nasara na koya, shi kuwa ba ya ajiye iri. Amma in ka cire, idon Uwani fa?"

"Ido zai ci tuwo in ba hatsi?"

"Ba ni yini guda."

Ya taka har Tsibiri. Ya sa Uwani ta hura wuta, ya hau turmi, ya tura hannu cikin malfar yana lalube, har ya sami inda hayaƙi ke taruwa ba ƙuna. Nan ya saƙa ragar waya, ya jera sauran irin a kai.

"Hayaƙi ya fara gaida hatsi, sannan ya fita," in ji shi.

Uwani ta ce, "Dama ni ce bai iya gaisarwa ba."

Kai ne, Gado, aka jefa wa laifi a gaban jama'a, ka ɗauka ka gyara. Yau har Jiratawa ba a rataye malfa sai da ragar iri. Mun gode, sarkin garwa. Masu tasowa, ku je rumfarsa ku koyi bugu, ku koyi sauraro.

Irin Nomau ya tsira wannan damina, har ya kawo wa Gado hatsin dame biyu cikin buhu. Uwani ce ta ɗinke bakin buhun, kuma da kanta ta zura zaren.