Haƙorin Kaka da Bishiyar Goro

Jiya a kasuwa wani ya kwance huhun goro kusa da ni, ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen nan ya daki hancina, sai na ji dariya ta kama ni ni kaɗai. Kakana na tuna, Allah ya jiƙansa.

Tun yana saurayi ya baro ƙasar Nijar ya zauna Zangon Kumasi yana fataucin goro. Da ido kawai yake gane wanda tsutsa ta shiga. Amma ka san abin mamaki? Bai taɓa shuka ko ɗaya ba. Da tsufa ya zo, haƙoransa suka yi ta zubewa, sai ya rantse ba zai bar duniya ba sai ya tauna goron da ya shuka da hannunsa.

Ya samu fili a Asokore Mampong, lokacin wajen duk daji ne. Ya zaɓi daushe, tsohon goron da ya fara tsiro a kwando, ya binne a gwangwani. Ranar da ganye ya ɓullo, wayyo, ka ce haihuwa aka yi a gidan! Ya kira ni, ni jikarsa da yake tsokana da amarya, muka hau motar haya ta trotro zuwa filin, gwangwanin yana kan cinyarsa, yana harare duk wanda ya matso.

A filin akwai ayaba tsaitsaye. Kaka ɗan ƙasar gero ne, a wurinsa inuwa abokiyar gabar shuka ce. Ya zare adda ya kwantar da ayabar kaf, ya dasa goronsa a tsakiyar rana, yana ta murna. Da muka koma bayan 'yan kwanaki, ganyen ya ƙone ƙurmus. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma na fashe da kuka.

Wata tsohuwa 'yar Asante mai gona kusa da mu ta leƙo, ta riƙe baki.

"Ei, Baba! Wa ya sare ayaba? Goro ɗan kurmi ne, a ƙarƙashin manya yake girma. Ka mayar masa da inuwa. Kuma kada ka dasa ɗaya, shi kaɗai ba ya son haihuwa."

Kaka ya ce, "To, Maame, na ji." Ban taɓa jin ya karɓi gyara da sauri haka ba.

Aka sake dasa ayaba, aka sa goro biyu a inuwarta da farkon damina. Sai jira. Goro ba ya gaggawa, haƙora kuwa ba sa jira. Na gama firamare, bishiyoyin suka wuce tsayin mutum, ganyensu dogaye masu sheƙi, Kaka kuma saura matauni ɗaya tak a bakinsa, shi ma yana girgiɗi. Kumatunsa suka kumbura, babana ya yi ta roƙo a je asibiti a cire.

"Wannan na ajiye wa gorona," in ji Kaka. "Wanda ya taɓa shi, ni da shi."

Ina tsokanarsa, "Angon nan nawa, da haƙori ɗaya za ka riƙe ni?" Ya ce ɗayan ya fi na samarin Zango duka.

Wata damina furanni suka fito, farare da jan zane a ciki. Bayan 'yan watanni sai ga kwanso, kore, mai ƙuraje, ya fito a jere kamar yatsun hannu. Muka kwasa gida guda muka tafi. Aka ɗaura wuƙa a doguwar gora aka tsinko. Kaka ya fasa, ya murje farar fatar da ke lulluɓe da goron, sai ga ja da fari a kwanso ɗaya! Maame ta ce a bari ya kwana biyu a ganye, ɗanye ne. Ina! Ya yi bisimilla ya kai bakinsa.

Ƙaras! Goron ya fashe, haƙorin ya biyo shi. Kaka ya tofo shi a tafin hannu, baki duk jini, yana dariya har da hawaye.

"Ya gama aikinsa," ya ce. "Alhamdu lillahi."

Yau babu daji a Asokore Mampong, sai bulo da kwano. An sare ɗaya bishiyar don a ja katanga, ɗayar tana nan a tsakar gidan ƙanena. Tana fure kowace damina, amma tun da ta rasa 'yar'uwarta da ƙyar take ba da kwanso. Shi ya sa na sa daushe a gwangwani, ya kuma tsiro. Haƙorana ma sun fara girgiɗi, amma zan jira.