Yoila Mai Goge Manifol

Duk wanda ya zauna a Jiddari Polo shekarun baya ya san Yoila da bigila. Mutumin Marama ne, ya zo Maiduguri yana saurayi, ya samu aikin kula da harabar wata majami'a. Shi ke busa wa ƙungiyar mawaƙa bigila ranar Lahadi, kuma shi ke gyara kayan busan da suka lotsa ko suka toshe. Sai ya zauna a inuwa da tsumma da samfefa, ya yi ta shafar tagulla har ta koma kamar sabuwa.

Wata rana Keke Napep ɗin da ya hau ya kife a hanyar kasuwa. Ya tsira da ransa, amma haƙoransa na gaba sun zube, leɓensa ya tsage. Da ya warke ya kai bigilar baki, iska ce kawai ta fito. Ya gwada da haƙoran roba, abin bai yi ba. Daga nan walwalarsa ta tafi. In ya gama shara a majami'a sai ya dawo gida ya kwanta, ya juya wa matarsa Phebe baya, ko gaisuwar maƙwabta ba ya son amsawa.

Cikin maƙwabtan akwai Habib, makanike mai gareji a Bolori. Wata Asabar ya yi sallama, ya shigo rungume da wani baƙin ƙarfe mai rassa huɗu, ya dire shi a tsakar gida.

"Baba Yoila, wannan shi ake kira manifol. Ta nan hayaƙi ke fita daga inji ya bi salansa. Sa yatsanka ciki ka ji."

Yoila ya taso ba don yana so ba, ya cusa yatsa. Cikin da kaushi kamar dutsen niƙa, ga tudu-tudun da aka bari tun wurin zuba ƙarfen.

"Ai wannan da abin busa ne ba zai yi sauti ba," in ji shi. "Iskar tuntuɓe take yi."

"Shi ya sa na kawo maka. Na Ba'ana ne, wani mai jar mota da ba abin da yake so a duniya irin gudu. Ya dame ni a gyara masa. Ni kuma ba ni da haƙurin wannan aikin."

Yoila ya ce shi bai san komai a kan mota ba. Habib ya ce ba mota ya kawo masa ba, bututu ne. Ya ajiye masa ƙaramar giranda ta goge ƙarfe da samfefa kala-kala, ya fice.

Ƙarfen ya yini a nan. Washegari bayan an taso daga sujada, Phebe tana tuƙa tuwo ta ji ƙarar girandar a bayan ɗaki. Ba ta leƙa ba, don kada ya ji kunya ya daina. Ta dai goge idonta da bakin zane, ta ci gaba da tuƙinta.

Yoila ya fara da samfefa mai kaushi, ya rage tudun, ya koma mai laushi, yana yi yana bin wurin da yatsa, har cikin ya yi sumul yana ƙyalli. Da aka ɗaura, Ba'ana ya zaga da motar ya dawo yana dariya. Ya ce da in ya taka ta sai ta yi nishi tukuna, yanzu kuwa taɓawa kawai take jira, kuma injin ya rage ɗaukar zafi.

Murna ta sa Yoila ya zarce. Ya karɓi ɗaya manifol ɗin, wanda iska da fetur ke bi su shiga inji, shi ma ya goge shi kamar madubi. Sai motar ta koma tari da safe, tana shaƙewa. Yoila ya je garejin yana cewa ya ɓata wa mutane dukiya.

Habib ya ba shi kujera ya ce, "Laifina ne, Baba, ban gaya maka ba. Hanyar fita ce ke son santsi, don baƙin hayaƙi kada ya manne. Ta shiga kuwa tana son ɗan kaushi, shi ke sa fetur ya gauraya da iska. In ta yi santsi da yawa sai man ya kwanta a jikin ƙarfen."

Yoila ya koma ya sake bin cikin da samfefa mai ɗan ƙarfi, tarin ya tsaya. Daga ranar ya riƙa tambaya kafin ya taɓa kowane ƙarfe.

Labari ya bazu wurin masu son wasan mota, har da direbobin doguwar hanya. Habib ya kafa masa rumfa a gefen gareji. Yanzu in ka je Bolori za ka same shi a can, hanci ɗaure da ƙyalle, tabarau a ido, yana gaya wa duk wanda ya zo gaskiya: gugar ba za ta mai da tsohon inji sabo ba, numfashi kawai take buɗe masa. In lokacin salla ya yi shi ke zama ya tsare garejin, ranar Lahadi kuma ba mai neman sa.

Bara ya aurar da 'yarsa Edith. Yana cikin tunanin motar da za ta ɗauki amarya, sai ga Ba'ana a ƙofar majami'a da jar motar, an wanke ta an ɗaura mata furanni.

Yoila ya riƙe masa hannu ya ce, "Ɗana, don Allah a hankali."

"Baba, yau ko mai tura baro sai ya wuce ni."

Haka kuwa aka yi. Motar ta bi titin Polo tana rarrafe, mata suna biye da ita a ƙasa suna guɗa. Yoila da Habib suna can baya cikin 'yan rakiya. Yoila ya dafa kafaɗar Habib alamar godiya, suka ci gaba da tafiya.