Tabon Wiwi a Jinin Ƙanena

Ƙanena ya fara shan wiwi ne a Bawku, lokacin da Baba ya tura shi wurin kawunmu ya koyi fataucin shanu. Abokan tafiyarsa duk mashaya ne. Da ya dawo gida Yendi da jajayen idanu, Baba bai yi masa faɗa ba, sai dai ya daina zama cin abinci tare da shi.

Ya daɗe yana sha kafin aure ya raba shi da ita. Ya samu yarinya mai hankali a Salaga, ya buɗe rumfar gyaran babur a can, har ya yi ƙiba.

Ni kuwa ina aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Yendi. Wata ranar kasuwa sai ga ƙanen nawa ba sanarwa, ya zauna a bencin marasa lafiya, ya naɗe hannun riga.

"Yaya, ɗebi jinina ki duba."

"Me ke damunka?"

"Matata na da ciki. Na ji a rediyo ana cewa wiwi na barin tabo a ƙwayoyin gadon mutum. Ki duba min ko nawa na nan."

Na ce masa na'urarmu cutar zazzaɓin sauro take gani, ba ta kai can ba. Na yi masa bayanin ɗan abin da na sani. Masu bincike sun ga wasu ƙananan alamomi da ke manne wa ƙwayoyin gado sun bambanta tsakanin mashaya da waɗanda ba sa sha. Na kwatanta masa da wasali a allo: baƙin bai canza ba, amma karatun ya canza. Na ce ba a tabbatar wiwi ce kaɗai ke jawo haka ba, tunda da yawansu suna haɗawa da sigari.

"To, yana gogewa?"

"Ana zaton wasu na gogewa idan an daina."

"Wasu. Jaririn fa? Zai gada?"

Na ce ban sani ba, su ma masu binciken ba su gama sani ba. Ya sauke hannun rigarsa, ya ce gara a ce masa e ko a'a.

Aka haifi yarinya lafiya lau, muka je suna Salaga. Amma shi bai samu natsuwa ba. Ta yi zazzaɓi, ya ce shi ne sanadi. Ta yi jinkirin tafiya, ya ce shi ne. Na kai ta wurin likitan yara aka ce ba abin da ke damunta, ya ce ai abin ba ya ganuwa, ni da bakina na faɗa masa.

Barci ya ƙaurace masa, ya koma wa wiwi, abin da ya sani yana sa shi barci. Rumfar ta mutu. Matar ta yi haƙuri iya ƙoƙarinta, daga baya ta ɗauki 'yarta ta koma gidan iyayenta.

Yanzu yana Bawku, yana dako a tashar motocin da ke zuwa garin Kulungugu. Bara na je na same shi a inuwar wata babbar mota, ya rame, leɓensa ya yi baƙi. Na miƙa masa wayata, na nuna masa hoton 'yarsa cikin kayan makaranta, na ce ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min wayar.

"Yaya, ai yanzu ƙarama ce. Bari dai ta girma mu gani."

Aka kira shi ɗaukar buhunan albasa, ya tashi ya tafi.