Ragowar Dashe

Shekarar da maigidana ya tafi biɗar kuɗi Abijan, ni ya bar wa garkarmu ta albasa a fadamar Tama. Na yafa iri a ƙarshen damina, ya fito kore shar, har ina yi wa mata kuri. Sai ga wani ruwan bankwana da ba wanda ya zata. Kori, rafin da ke ratsa fadamar, ya cika ya tumbatsa, ya share irin nan tas. Na zauna bakin rijiya na yi kuka mai isata. In ba dashe, ba albasa, kuma da albasar nan nake sa ran sayen hatsin yara idan rumbu ya yi ƙasa.

Ni kuwa roƙo ba ya cikin halina, duk garin an san haka. Da lokacin dashe ya yi, na je na gyara ƙasa na ja fangalin ban ruwa, don dai kada a ce na zauna.

Wadda ta fara zuwa maƙwabciyar garkata ce, wata tsohuwa mai baki da yaji kamar tonka. Ta dire mini damin dashe a gaba.

"Ke ɗiyata, nawa ya yi yawa, na rasa inda za ni kai shi. Amshi ki rage mini wahala."

Ƙarya take yi. Daga inda nake ina hango filin da ta bari a tata garkar. Bayanta aka yi ta zuwa, kowa da ƙunshinsa, kowa da irin wannan ƙaryar. A fadamarmu ba a miƙa wa mutum dashe a ce taimako ne, ragowa ake cewa, don kada ya sunkuyar da kai. Har Bafulatanin da ke shayar da shanu a rijiyarmu ya kawo taki a kan jaki, wai ya tare masa hanya. Allah ya saka musu, har gobe ina jin daɗin mutanen nan a raina.

Albasa ta yi, sai dai kowa da irinsa: wata ja, wata fatsi-fatsi, wata kamar dunƙulen hannu, wata ƴar mitsitsiya. Dillalin da ya zo daga Madawa ya zazzage buhu ya yamutsa fuska.

"Baiwar Allah, wagga albasa ta garka nawa ta?"

"Ta gari guda ta, Alhaji," na ce.

Ya saye ta yana mita. Da ita na auno hatsin da ya kai ni da yarana har sabon gero.