Shokolar da Ta Hau Amalanke

Yayata ta taɓa aiki a gidan wani injiniya Bafaranshe a Malbaza, ta fito da ilimi guda: tsoma firez cikin shokola, wato cakulan. Firez wasu jajayen ƴaƴa ne masu tsami-tsami, da a garinmu ko akuya ba ta san su ba. Da ta yi aure a Ƙonni, uwar mijinta ta bi dangi tana cewa ɗanta ya auro ƴar boko da ko ruwan zafi ba ta iya dafawa. Maganar ta ci wa Yaya rai, ta rantse sai ta wanke kanta.

Lokacin sanyi ta sa wani direban babbar mota ya taho mata da firez daga Yamai. Ina zaune ina kallo ta goge kowace ɗaya da tsumma, wai ɗigon ruwa kaɗai ya isa ya ɓata aikin. Ta ɗora kwanon shokola bisa tukunyar ruwan zafi har ya narke, ta tsoma su ɗaya-ɗaya, ta jera a faranti, muka kai firijin maƙwabta mai aiki da kananzir. Ko lasa ta hana ni, abin da har yau ban yafe ba.

Washegari tsohuwa, uwar mijin, ta iso daga Tsarnawa bisa amalanken jaki. Yaya ta durƙusa ta ajiye faranti.

"Inna, da sanyinai aka cin shi. Ki ɗan taɓa."

Abin da Yaya ta manta, mijinta ɗan fari ne. Tsohuwar da ko sunansa ba ta faɗa, ita ce za ta buɗe baki ta tauna abu a gidansa?

"Madalla, ɗiyata. Juye min cikin langa, in na koma mu ci da Malam."

Yaya ta juye. Aka ɗaure langa da ɗankwali, tsohuwa ta hau amalanke da ita da tsakar rana, jakin kuwa ba ya sauri, ga shi shokola ba ta jure zafi. Na ji tausayin Yaya, amma dariya ta fi ƙarfina, sai da na shige ɗaki.

Ranar kasuwa saƙo ya zo ta bakin wata gwaggon mijin. An gode, Malam ya ci da tuwo don kada a yi asara. Amma Inna ta ce a gaya wa yarinyar nan, ba a sa sukari a miya, kuma ta manta gishiri.