Dabinon Kawu Na-Agadas

Duk wanda ya san Kawu Na-Agadas a Kusada ya san ba ya alwala ko'ina sai a gindin dabinonsa. Ko daga kasuwar Kankiya ya dawo, rana na shirin faɗuwa, sai ya kai gida ya tsuguna a wurin da 'yar butarsa. In ka yi magana ya ce, "A Agadas, ruwan da bai yi aiki biyu ba asara ne."

Yayan mahaifiyata ne. Da ƙuruciya ya bi ayari ya yi karatu a Agadas, tun kafin Faransa su zauna da gindinsu a can. Abin da ya dawo da shi ƙwallon dabino ɗaya ne, sai labari da ba ya ƙarewa. Ya shuka ƙwallon, ya rantse sai mun yi buɗa-baki da 'ya'yansa kafin ya bar duniya.

Ranar sunan ɗana na yi gangancin ce masa ya yi mana addu'a. Ya fara daga waɗanda suka haƙa rijiyoyin Agadas, ya bi ta kan fataken gishiri da malaman da suka zaunar da garin, ya kama hasumiyar masallacin garin mai itatuwa a kafe a jiki, yana hawa da mu itace bayan itace.

Na ce, "Kawu, tuwo shina hucewa."

Ya ce, "Waɗanda suka ɗora laka har sama ba su yi gaggawa ba, sai kai da tuwon dawa?"

Da Nasara suka zo fitar da hanya, turakun awonsu suka faɗa daidai kan dabinon. Kawu ya shimfiɗa buzu a gindinsa ya ce wa tafintan Baturen, "Hwaɗa mishi itacen wanga ya hi shi nisan tahiya." Rana ta dafa Bature, Kawu ko gezau, dole hanya ta kauce. Wannan kwanar da kuke zagi in kun ɗauko kaya a jaki, aikinsa ce.

Shekaru suka tura, dabino ya yi tsawo, ɗa ko ɗaya babu. Wata rana wani Buzu mai raƙumi ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ai wannan namiji ne." Mu da ba mu san dabino na da mace da namiji ba, har ƙasa muka zube don dariya. Kawu ya ce, "To mi? Ku da kuke maza, wa ya sare ku?"

Amma ranar ban ga ya taɓa abinci ba, kuma na ji tausayinsa ƙwarai.

Da itacen ya yi fure, tsohon nan ya sa aka kafa tsani ya hau da kansa, muna ta salati. Ya yanko furen ya taka har Bauranya, gidan wata gwauruwa, Inna Ladi, mai dabinon da kullum 'ya'yansa ke zubewa tun suna ƙanana. Ya ɗaura furen a jikin nata, yadda ya ga ana yi a Agadas.

Bai ga nunar 'ya'yan ba, rai ya yi halinsa. Azumin shekarar yana kamawa, sai ga Inna Ladi da kwandon dabino a ka, ta sauke a gindin itacensa ta ce, "Ku sha ruwa da shi. Nashi ne."

Muka ci, babu mai iya kallon wani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi daga ruwan da ba a aunawa, ya zaunar da shi a inuwar dabino mai 'ya'ya. Amin.