Famfon Hita a Motar Ammu Sabri

Muna kan hanya daga asibiti zuwa unguwarmu Ainu Shams, ana yayyafi, sanyi har cikin ƙashi, sai Ammu Sabri ya gangara gefen titi ya tsaya. Maƙwabcinmu ne, dattijo Bamisre, shi ya ɗauko mu da jaririyarmu a tsohuwar motarsa ƙirar Ingila, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba.

Ya fita ya buɗe bonet. Na ce a raina shi ke nan motar ta lalace, ga mai jego ga ɗanyen goyo.

Na bi shi, na tarar yana kokawa da wani ɗan famfon tagulla a jikin inji.

"Ammu, lafiya?"

"Tamam, lafiya lau, ɗana. Hita zan kunna. Ruwan zafin inji ke ɗumama cikin motar, kuma daga nan ake buɗe shi. Tun da matata Hajiya ta rasu ban taɓa shi ba, bargo nake rufawa a ƙafa. Amma yau muna da baƙuwa."

Jama'a, muna tashi sai ga ɗumi yana ɓullowa ta ƙasa, har da warin ƙura! Kujerar gaba kaɗai yake kaiwa, sai Ammu ya mai da matata can da yarinyar. Ni ina baya ina karkarwa, ina goge gilashi da hulata, baki har kunne. Yarinya ta yi barcinta.

Ban taɓa shan sanyi mai daɗin na yau ba. Ku fa, wa ya taɓa buɗe muku abin da ya rufe wa kansa?